Yadda Ƙuri'a Ta Iso Tudun Wada

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Ran da sakataren ƙungiya ya same ni har gida ya ce ni aka ɗora wa jawabin bana, sai na ce masa ai ni tsohon malamin tarihi ne, ban iya komai ba sai abin da ya wuce. Ya ce to shi ɗin ake so. Saboda haka in na cika ku da shekaru da lissafi, ga shi can zaune, shi za ku kama.

Maganata a kan ƙuri'a ce: yadda ta iso garin nan, wanda aka fara ba, wanda aka hana, da dalilin da ya sa take kuɓuce wa mutane bayan sun same ta. Abin da ya tayar mini da zancen kuwa shi ne zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Mutum sama da miliyan 93 suka yi rajista, amma waɗanda suka fito ba su kai uku cikin goma ba. Na tabbata a zauren nan akwai masu digiri da suka wuni a gida ran nan suna sauraren rediyo. Ba zan ce su ɗaga hannu ba.

Bari mu fara daga inda muke zaune. Kun san Turawa sun kasa Zariya kashi-kashi. Birni na 'yan gari ne. Sabon Gari, wanda ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, an tanade shi don baƙi, galibinsu 'yan Kudu. Tudun Wada kuwa aka ware ta don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan Birni ba. Nan akawu da tela da direba da lebura da ɗan tireda suka taru, wani daga Katsina, wani daga Bida, wani daga Borno. Ga Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, inda ake buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta. Ga makarantar horar da akawuna a Kongo, ga asibiti. Mutumin da ya bar unguwar kakanninsa, yana cin guminsa, kuma ana karanta masa jarida a bakin shago, bakinsa ya fi na wanda ke zaune a ƙofar gidan dagacinsu sakewa. Wannan ne ya sa siyasa ta sami wurin zama a nan da wuri.

A 1948 aka yi tarurruka a Zariya da Kaduna waɗanda suka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa. Jagoran na Zariya shi ne Dakta Barau Dikko, mutumin Wusasa, likita na farko ɗan Arewa, kuma shi aka zaɓa shugaba a babban taron Kaduna na 1949. A lokacin ƙungiyar raya al'adu ce da neman ci gaba, ba jam'iyyar neman mulki ba. A cikinta akwai Abubakar Imam, akwai Yahaya Gusau, akwai kuma su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano. Ku lura da wannan: waɗanda daga baya suka zama abokan hamayya, tabarma ɗaya suka fara zama.

Tabarmar ba ta daɗe ba ta yi musu kaɗan. Ran 8 ga Agusta, 1950, wasu samari takwas suka kafa NEPU a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin. Malam Aminu ya ajiye aikin koyarwa a Maru a ƙarshen shekarar, ya rungumi siyasa gaba ɗaya, ya zama shugaban jam'iyyar a 1953. Su ra'ayinsu shi ne talaka ba zai sami sawaba ba sai an gyara mulkin En'e tun daga tushe. Ɗaya ɓangaren kuma suna ganin in aka girgiza sarauta alhali Arewa tana baya a ilmin boko, to 'yan Kudu ne za su ci ribar rikicin, don haka gara a bi a hankali, a tafi da sarakuna. Kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai tsaya ya saurara.

Zaɓe na farko ya zo a 1951, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Macpherson. Amma kada ku zaci akwati aka kawo kowa ya jefa. Zaɓe ne hawa-hawa. Maza masu biyan haraji za su taru a unguwa ko ƙauye su fitar da wakilai, a fili, kowa yana kallon kowa, mai unguwa ma yana wurin. Waɗannan su je gunduma su zaɓi wasu daga cikinsu, su kuma su hau mataki na gaba, har a kai matakin lardi, inda ake fitar da 'yan Majalisar Dokoki ta Kaduna, su 90. A matakin ƙarshen nan kuma doka ta ba En'e ikon shigo da mutanenta kai tsaye, kashi goma cikin ɗari, ba tare da sun bi ta ƙasa ba. Matan gida sun san abin da nake nufi in na ce tankaɗe. In ka tankaɗe gari sau huɗu, abin da mai rariya yake so shi ne zai sauka a ƙwarya.

Haka kuwa aka yi. NEPU ta taka rawar gani a matakin farko a birane, musamman Kano, abin da ya firgita manya. Ran 1 ga Oktoba, 1951, ana tsakiyar zaɓen, aka mai da Jam'iyyar Mutanen Arewa jam'iyyar siyasa, wato NPC, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka shiga. Da aka gama tankaɗe, NEPU ba ta fita da kujera ko ɗaya ba. Akasarin waɗanda suka shiga majalisa ma'aikatan En'e ne ko 'ya'yan sarauta. Ba na cewa ba su cancanta ba, don a cikinsu akwai haziƙai irin su Abubakar Imam. Abin da nake cewa shi ne tela na Tudun Wada ya fita ya yi zaɓe, amma muryarsa ba ta kai Kaduna ba.

Sai a 1956 aka yarda wasu mazaɓu na birane su yi zaɓe kai tsaye da ƙuri'ar asiri, saura kuma suka ci gaba da hawa-hawa. A nan ne 'yan adawa suka fara sa ƙafa a majalisar Kaduna ta hanyar zaɓe. Zaɓen da kowane baligi namiji a Arewa ya jefa ƙuri'a da hannunsa shi ne na tarayya, ran 12 ga Disamba, 1959. Shi kuwa na gan shi da idona, ina ɗan shekara tara.

Mahaifina tela ne a bakin kasuwar Tudun Wada, kuma ɗan Sawaba ne na gidi. Ƙanensa, Baffana, akawu ne, shi kuma ɗan Salama. Gida ɗaya muke, kuma tun da na yi wayo akushi ɗaya suke ci da dare. Da kamfe ya yi zafi sai aka wayi gari ana kai wa kowa nasa tuwon ɗakinsa. Mu yara an hana mu zuwa wurin lacca, don tun 1958 akwai dokar da ta hana ƙananan yara shiga harkar siyasa, amma muna leƙe ta kan katanga. Mun san alamomin duka: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, zakara na NCNC, da bishiyar kwakwa ta jam'iyyar Awolowo, wanda ya yi ta yawon kamfe a Arewa da jirgi mai saukar ungulu. Ran zaɓe kowane ɗan takara da akwatinsa da alamarsa a cikin wani ɗan ɗaki da aka kare. A ba ka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa inda kake so. Da mahaifina ya dawo sai ya zauna a kan kujerar kekensa, ya daɗe bai ce komai ba, can sai ya ce wa mahaifiyata, "Yau na shiga ɗaki ni kaɗai, ba mai unguwa, ba ɗan doka." Ita kuwa ta ce, "To madalla, ku da aka sani da zaman duniya." Ban gane maganarta ba sai da na girma. Ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba a zaɓen nan, alhali matan Kudu sun jefa.

Sakamakon kuwa, daga kujeru 312 na Majalisar Wakilai ta Ikko, Arewa tana da 174. NPC ta ci 134, NEPU ta sami 8, ɗaya daga ciki ta Malam Aminu ce a Kano ta Gabas. A gidanmu kuma, sai da kakarmu ta kira 'ya'yanta biyu ta zaunar da su. Ta ce, "Da fartanya da tauraro, wanne ne ya ba ku nono? Gobe in na faɗi, Sardauna ne zai ɗauke ni ko Aminu?" Daren nan akushi ya koma ɗaya. Ba wanda ya bar jam'iyyarsa a cikinsu har suka bar duniya.

To amma abin da tsohuwa ta iya a cikin gida, ƙasa ba ta iya shi ba. A zamanin nan ba a yin lacca sai da izinin En'e, kuma En'e ita ke da 'yan doka, ita ke da gidan yari, kotunan alƙalai suna ƙarƙashinta, lauya kuma ba ya shiga cikinsu. Manyan ma'aikatanta da yawa su ne jagororin jam'iyya mai mulki a garuruwansu. Ɗan adawa sai ya nemi izini a hana shi, in ya yi taro a kama shi, in ya yi magana da zafi a ce ya zagi manya. Masana tarihi sun rubuta yadda aka ɗaure 'yan NEPU bila adadin a kan irin waɗannan laifuffuka. Su ma 'yan NEPU ba mala'iku ba ne, akwai masu ɗanyen baki a cikinsu, kuma kowane ɓangare ya tara samarin da ke kare shi da gora. Haka nan ba mai musun aikin da gwamnatin Sardauna ta yi. Jami'ar da ke Samaru, wadda aka buɗe a 1962, da yawanmu ita ta yi mana riga da wando. Amma gina jami'a daban, barin abokin hamayya ya yi numfashi daban. A zaɓen jiha na 1961 adawa ta kusa ƙarewa a majalisar Kaduna. A zaɓen tarayya na Disamba, 1964, 'yan takarar NPC da dama suka wuce ba hamayya, gamayyar 'yan adawa ta ƙaurace wa zaɓen. A Jihar Yamma kuma zaɓen 1965 ya ƙare da ƙone-ƙone. Ran 15 ga Janairu, 1966, wasu hafsoshin soja suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da wasu shugabanni da manyan sojoji. Ba abin da zai halatta wannan kisa. Amma da mai fartanya da mai tauraro, duka aka karɓe musu ƙuri'a, ba su sake zaɓen gwamnati ba sai bayan shekara goma sha uku.

A nan zan ɗan ɗauke ku mu tafi nesa, don kada wani ya ce wannan halin baƙar fata ne ko na Bahaushe. Lokacin da nake koyarwa nakan ba 'yan aji biyar labarin ƙasar Japan, wadda muka fi sani da Toyota da Honda, domin ta bi wannan hanya tun kafin mu, kuma sawunta ya yi kama da namu ƙwarai.

Japan ta yi zaɓen majalisa na farko a 1890. Wanda aka yarda ya yi zaɓe shi ne namiji ɗan shekara 25 da ke biyan harajin yen 15 a shekara, wato manyan masu gonaki da attajirai. Ba su wuce mutum 450,000 ba, kusan ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Mai zaɓe kuma sai ya rubuta sunansa a kan takardar, ya buga hatiminsa, ka ga ba asiri ke nan. A saman wannan majalisa akwai ta masu sarauta, wadda talakawa ba su zaɓe, kamar dai Majalisar Sarakuna tamu ta Kaduna. Firayim Minista kuwa wasu dattawan fada ne ke ba Sarki sunansa. A zaɓen 1892 ministan cikin gida ya saki 'yan sanda a kan 'yan adawa, mutum 25 suka mutu.

Sannu a hankali aka riƙa buɗe ƙofa. A 1900 aka rage harajin zuwa yen 10, aka kawo ƙuri'ar asiri, kuma a shekarar aka kafa babbar jam'iyyar Seiyukai. A 1918, bayan tarzomar tsadar shinkafa ta game ƙasa, aka naɗa shugabanta Hara Takashi Firayim Minista, mutumin da ba shi da sarauta, zaɓaɓɓen ɗan majalisa ne kurum. Ya rage harajin zuwa yen 3 a 1919, masu zaɓe suka kai wajen miliyan uku. Dabararsa ta cin zaɓe kun san ta: mazaɓar da ta bi jam'iyya ita ke samun layin dogo da hanya da makaranta. A 1921 wani saurayi ya soke shi da wuƙa a tashar jirgin ƙasa ta Tokyo.

A 1925 aka soke sharaɗin haraji, kowane namiji ɗan shekara 25 ya sami ƙuri'a, masu zaɓe suka haura miliyan 12. To amma a wannan shekara dai majalisar ta yi wata doka da aka kira ta kiyaye zaman lafiya, wadda ta ba hukuma ikon ɗaure duk wanda ya shiga ƙungiyar da ke neman sauya tsarin sarautar ƙasar ko na mallakar dukiya. An ba da hannun dama, an karɓe da hagu. A zaɓen Fabrairu, 1928, Seiyukai ta sami kujera 217, abokiyar hamayyarta Minseito ta sami 216, jam'iyyun ma'aikata da manoma kuma suka sami 8, daidai da abin da NEPU ta samu a 1959. Wata guda bai cika ba aka kama mutum wajen 1,600 a ƙarƙashin waccan doka. Ɗaya daga cikin takwas ɗin nan, Yamamoto Senji, wanda ya tsaya kai da fata yana sukar dokar, an kashe shi a 1929.

Su kuma manyan jam'iyyun biyu, duk wadda ta hau sai ta sauya gwamnonin larduna da shugabannin 'yan sanda ta sa nata, don su yi mata aiki ran zaɓe. Sayen ƙuri'a ya zama ruwan dare, manyan kamfanoni ke ba da kuɗin. Da matsin tattalin arziki ya zo a 1930, manoma suka shiga uku, sai jama'a suka ga 'yan siyasa ba abin da suka sani sai kansu. Ran 15 ga Mayu, 1932, wasu ƙananan hafsoshin sojan ruwa suka harbe Firayim Minista Inukai Tsuyoshi a gidansa. Daga nan mulkin jam'iyyu ya ƙare, a 1940 aka rushe su gaba ɗaya, soja suka ja ƙasar zuwa yaƙin da ya ƙare da bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945. Ku lissafa: daga 1925 zuwa 1932 shekara bakwai ne. Mu kuma daga Disamba, 1959 zuwa Janairu, 1966 shekara shida da wata ɗaya. Matan Japan ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1946, suka kuma shigar da mata 39 majalisa a tashin farko.

Mu dawo gida, mu tsaya a kan maganar mata. In kun haye Kubanni kun shiga Sabon Gari, nan Hajiya Gambo Sawaba ta yi zamanta. An haife ta a 1933, ta shiga NEPU tana yarinya, ta zama shugabar matan jam'iyyar. Ta sha duka, ta sha ɗauri, har an fi cewa sau goma sha shida aka kai ta gidan yari, kuma cikin abubuwan da take nema har da ƙuri'ar da ita kanta ba ta da ita. Matan Arewa ba su samu ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓe na 1979. Ta rasu a 2001, yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan da sunanta. A 1979 ɗin nan ni na raka mahaifiyata rumfar zaɓe. Ta saka zanenta na zuwa biki. Da ta fito na tambaye ta ko makulli ta dangwala wa ko gida da masara, sai ta ce, "Kai, ashe ba ka ji abin da babanka ya faɗa ba? Ni kaɗai na shiga."

Amma ko a jamhuriya ta biyu ba mu ɗauki darasi ba. A nan Jihar Kaduna jama'a suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na PRP gwamna, suka ba NPN rinjaye a majalisa. Maimakon a zauna a daidaita, majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, shi ma bai sassauto ba, har aka tsige shi a watan Yuni, 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a ƙasar nan. Ƙarshen 1983 soja suka dawo. Na 12 ga Yuni, 1993 kuwa, da yawanku kun tsaya a layi da kanku, kun ga yadda aka soke shi.

Jama'a, ga abin da na tsinta a cikin labaran nan biyu. Samun ƙuri'a yana da wuya, amma riƙe ta ya fi wuya. Kuma abin da ke kashe ta ba bindiga ce ke farawa ba. Wanda ya ci zaɓe ne ke farawa, ran da ya mai da ɗan sanda da alƙali da ma'aikacin gwamnati 'yan jam'iyyarsa, ya toshe wa wanda ya faɗi duk wata ƙofa. Sai wanda ya faɗi ya yanke ƙauna daga akwati. Sai talaka ya ga ko ya fita ko bai fita ba duk ɗaya, ya sayar da tasa a kan taliya da sabulu, ko ya yi kwanciyarsa. In an kai nan, ko wane ne ya zo ya ɗauke akwatin ba mai fitowa ya tare shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Tun 1999 farar hula ke mulki, kuma a 2015 mun ga shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya amince. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma kada ya ruɗe mu. Roƙona gare ku guda uku ne. Na farko, a zauren nan akwai alƙalai da lauyoyi da 'yan sanda da malaman jami'a waɗanda ake ba aikin tattara sakamako. Ran da aka kawo muku takarda aka ce ku sa hannu a kan abin da ba shi ne ba, ku tuna rariyar 1951, kada ku zama ita. Na biyu, masu siyasa a cikinmu, in kun ci ku bar wa abokin hamayya filin lacca da bangon liƙa hotonsa, domin gobe ku ne a wajen. Na uku, mu sauran, mu fita. Wanda ya yi boko ya zauna a gida ran zaɓe, ba shi da bakin zagin wanda ya karɓi taliya.

Ku kuma 'yan makaranta da ke bayan zaure, kwanan nan za ku kai shekara 18. In kun karɓi katin zaɓe, ku sani akwai wadda ta kwana a gidan yari saboda shi, akwai kuma tsohuwar da ta jira shekara ashirin bayan mijinta kafin ta taɓa takardar ƙuri'a.

An gaya mini bayan an ci abinci za a yi zaɓen sababbin shugabannin ƙungiya. To ga wurin gwaji ya samu tun ba a je ko'ina ba. Wanda ya ci ya jawo wanda ya faɗi cikin kwamiti, wanda ya faɗi kuma kada ya daina biyan kuɗin ƙungiya. Rufin ɗakin kimiyya da ke yoyo bai san wanda ya zaɓi wane ba.

Shugaba, na ga kana duban agogo.  Allah ya jiƙan magabatanmu, na Salama da na Sawaba baki ɗaya, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.